Yadda ake kafa na'urar sauraron kukan tsuntsaye dare da rana a tsakar gida a Maradi

Bedin da ke tsakar gidanmu ya riga kowa tashi. Kafin a sallame sallar asuba tsuntsaye sun fara, kuma in ka tambayi Inna za ta lissafa maka su ba tare da ta ɗaga kai daga tasbaharta ba: wannan kurciya ce, mai gurnanin can bisa kwano hasbiya, masu surutun nan gwara ne. Abin da Inna ba za ta iya gaya maka ba shi ne wane tsuntsu ya ratsa saman gidan da ƙarfe biyu na dare, ko wace rana wani ya fara kuka bana in an gwada da bara. Wannan aikin na'ura ne, don ita ba ta barci, ba ta zuwa biki.

Ƙwaƙwalwar na'urar ana ce mata BirdNET. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta jami'ar Cornell a Amurka da jami'ar fasaha ta Chemnitz a Jamus suka haɗa hannu suka gina ta. Tana yanka sauti gunduwa-gunduwa, sakan 3 kowace, ta mai da shi zane, ta gwada da abin da aka koya mata na tsuntsaye sama da iri 6,000, sannan ta ba da suna tare da maki tsakanin 0 da 1. A yini da kwana gunduwa 28,800 ke nan. Manhajar da ke ɗora wannan ƙwaƙwalwa a kan ƴar ƙaramar kwamfuta ita ce BirdNET-Pi, wadda Patrick McGuire ya fara, yanzu kuma reshen wani mai laƙabin Nachtzuster ne ake gyarawa. Kyauta ce muddin ba kasuwanci za ka yi da ita ba. Akwai ƴar'uwarta BirdNET-Go, amma ta farkon zan bi a nan.

Mataki na ɗaya: yi magana da mutanen gida

Wannan na sa gaba da gangan. Makirfo bai san bambancin kurciya da hirar mata ba. Ranar da na zo da kayan Inna ta dube ni ta ce, "Kai yaro, abin nan naka har maganarmu zai riƙa ji?" Na ce, "Zai ji, Inna, amma zan saita shi ya zubar da duk inda ya ji muryar mutum, kuma bayan ɗaki zan kai shi." Ta ce to a kai shi can wajen turken awaki, su ba su da asiri.

Ka gaya wa iyalinka gaskiya, ka gaya wa maƙwabcin da katanga ɗaya ta raba ku. In bai yarda ba, matsa da makirfon. Tsuntsu bai kai a ɓata maƙwabtaka a kansa ba.

Mataki na biyu: gwada gidan da salula tukuna

Kafin ka kashe ko dala, sauko da manhajar BirdNET a salularka, ka yi mako guda kana ɗaukar sauti da asuba daga kusurwoyi daban-daban na gidan. Za ka gano inda ya fi shiru, za ka kuma ga ko tsuntsayen unguwarku na cikin waɗanda ta sani.

Mataki na uku: haɗa kaya

Kwamfutar ita ce Raspberry Pi, girmanta bai fi tafin hannu ba. Samfuri na 4 ya isa, na 5 ya fi sauri amma ya fi cin wuta da ɗaukar zafi. Ba kasafai ake cin karo da ita a shagunan salula ba, sai dai a yi sautu ga mai zuwa Yamai ko Kano. In za ka yi sautun, haɗa da ƙarfen sanyaya ta da ƴar fanka, kada ka bari sai daga baya.

Karti memwar na giga 64 ya wadatar, amma nemi irin wanda aka yi don kyamarar tsaro, mai jure rubutu ba tsayawa. Ɗanyen sauti yana haura giga 8 a rana. Manhajar tana goge shi bayan ta gama nazari, ta bar guntayen da ta ji tsuntsu kawai, sai dai wannan rubuta-goge shi ke kashe kartin banza cikin ƴan watanni. Jabun karti sun cika kasuwa, ka gwada shi a kwamfuta ka tabbata girman da aka rubuta a jikinsa gaskiya ne.

Raspberry Pi ba ta da ramin shigar sauti, ramin da ke jikin samfuri na 4 na fitarwa ne. Don haka ko ka sayi makirfo mai USB, ko ƙaramin makirfon da ake maƙalawa a wuyan riga tare da ɗan katin sauti na USB. A nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Dubi bakin filogin makirfon: in zobe uku ne, na salula ne, kuma sau da yawa ba ya aiki da katin sauti mai rami biyu sai da mahaɗi. Mai zobe biyu shi ke shiga kai tsaye. Masu son sauti mai tsabta suna neman ƙwayar makirfo ta Primo EM272, amma ka fara da abin da ka samu.

Saura ƙananan abubuwa: guntun tiyon roba mai gwiwa irin na masu famfo, soso, ƙyallen tsohon gidan sauro, akwatin roba fari mai murfi, da ɗan agogo mai batiri da ake kira DS3231. Zan faɗi amfaninsa.

Mataki na huɗu: wuta

Nan ne aikin yake a Maradi. Duk wanda ya zauna garin nan a watan Afrilu da Mayu ya san yadda kuran ke zuwa yana komawa. Na'urar da aka ce ta saurara dare da rana ba ta da amfani in tana mutuwa sau huɗu a yini, kuma yankewar wuta farat ɗaya tana iya lalata abin da ke cikin karti har a koma farko.

Ga lissafin. Samfuri na 4 yana aiki da volt 5, yana son caja mai iya ba da amfiya 3, amma abin da yake sha a wannan aikin bai cika wuce wat 5 ba. Wat 5 sau awa 24 ya ba da wat-awa 120 a rana. Batirin volt 12 mai amfiya-awa 20 yana ɗauke da 240, kuma batirin dalma ba a so a zuƙe fiye da rabinsa, ka ga daidai kwana ɗaya ke nan ba rara. Shi ya sa nake cewa a ɗauki mai 40, musamman in modem ɗin wifi ma a jikinsa zai rataya. Panno, wato faifan hasken rana, na wat 80 zuwa 100 zai cika shi ko da rana ta yi rowa. Kada hasken Maradi ya ruɗe ka ka sayi ƙarami: a hunturu ƙura tana rufe fuskar panno cikin kwana biyu, a Agusta hadari na iya yini.

Tsakanin panno da batiri sa regilater, mai daidaita cajin batiri. Tsakanin batiri da kwamfutar kuma sa ɗan abin da ke sauke volt 12 zuwa 5 kai tsaye. Kada ka bi ta injin da ke mai da wutar batiri irin ta gida sannan ka soka caja: asarar wuta ce, kuma yakan cusa wani gurnani cikin sauti. Batirin aljihu na cajin salula ma ban ba da shawararsa ba, da yawansu suna ɗan yanke wuta duk lokacin da aka soka su ko aka zare, wannan ƙiftawar kuwa ta isa ta kashe kwamfutar.

Sai agogo. Samfuri na 4 ba shi da agogon kansa, daga intanet yake samun lokaci. In ya mutu ya tashi babu rezo, sai ya ci gaba daga lokacin da ya tuna, ya rubuta maka kurciya ta yi kuka ƙarfe ɗaya na dare alhali hantsi ne. Na taɓa zubar da bayanan kwanaki saboda haka. DS3231 ke maganin wannan. Samfuri na 5 yana da agogo a jikinsa, ɗan batiri kawai za ka saka masa.

Mataki na biyar: saka manhaja

A wata kwamfuta ka sauko da Raspberry Pi Imager, ka zaɓi Raspberry Pi OS mai 64-bit, samfurin Lite wanda ba shi da kayan ado. Mai 32-bit ba zai yi ba. Kafin ka danna rubutawa, cika sunan mai amfani da kalmar sirri, sunan wifin gidanka, ka kunna SSH (hanyar ba Pi umarni daga wata kwamfuta), yankin lokaci kuma ka zaɓi Africa/Niamey. Soka kartin a Pi, soka makirfo, ba ta wuta.

Shiga ta SSH, ka rubuta arecord -l. In sunan katin sautinka ya fito, madalla. In bai fito ba, tsaya nan ka gyara, ci gaba ɓata lokaci ne. Daga nan je shafin Nachtzuster/BirdNET-Pi a GitHub, taskar manhajoji ta intanet, akwai layin umarni guda ɗaya na girkawa, kwafe shi daga can ka liƙa. Yana sauko da kaya masu nauyi, don haka ka yi shi cikin dare lokacin da rezo ya fi sakewa, da isasshen kuɗin intanet. In ya gama za ta sake tashi da kanta. Buɗe birdnetpi.local a salular da ke kan wifi ɗaya, shafin na'urarka zai bayyana. Bayan wannan ba ta buƙatar intanet don gane tsuntsu, a cikinta take komai.

Mataki na shida: saiti

Sunan shiga wurin saiti birdnet ne, babu kalmar sirri da farko. Abu na farko ka sa ta, domin ta shafin nan ana iya sauraron makirfo kai tsaye, kuma ka san yara da lambar wifi.

Sa wurin da kake: Maradi tana wajen 13.5 arewa, 7.1 gabas. Da wannan da makon shekara manhajar ke tace sunayen da za ta yarda da su. Harshen sunaye ka zaɓi Faransanci in shi ka fi sabawa, babu Hausa a ciki. Sunan Latin yana fitowa koyaushe a ƙasa, shi ne abin riƙo.

Mafi ƙarancin maki yana zuwa a 0.7. Bar shi haka mako biyu. Akwai wani ma'auni na yiwuwar samun tsuntsu a yankinka, yana zuwa a 0.03, shi ma bar shi tukuna. Sannan nemi saitin sirri, wanda ke sa ta watsar da gunduwar da ta ji muryar mutum, ka ɗaga shi. Ka gwada da kanka: tsaya kusa ka yi ta magana lokacin da kurciya ke kuka, ka je ka saurari abin da ta adana. Alkawarin da ka yi wa mutanen gida sai ka ji da kunnenka ya cika.

Mataki na bakwai: inda za a rataya

Kwamfuta da batiri a inuwa, in da hali cikin ɗaki ko zaure. Pi tana fara rage gudu da kanta in zafin cikinta ya kai digiri 80, kuma a garin da iska kanta ke haura 40 da bazara, akwati a rana tanda ne. Ka huda akwatin ta ƙasa da gefe, ka rufe hudojin da ƙyallen gidan sauro, ka ɗaga shi daga ƙasa saboda gara da ruwan damina. Wayar USB kada ta wuce mita 5.

Makirfo shi ke fita waje. Saka shi cikin gwiwar tiyo bakinta na kallon ƙasa, ya tsaya daf da baki, kada ya lume ciki sauti ya zama kamar daga rijiya. Lulluɓe shi da soso saboda iska, ka ɗaure ƙyallen gidan sauro a bakin. Kada ka raina ƙyallen nan. Ban sa ba da farko, sai na ga tsuntsaye sun ragu a shafi kwana uku a jere, har na fara zargin manhaja. Da na hau tsani, ashe zanzaro ne ya yaɓe bakin tiyon da laka ya yi ɗakinsa.

Tsawon mita 2 zuwa 3 ya yi. Nisanta shi da rufin kwano, don ɗigon ruwa a kwano yana shafe komai, kwano kuma yana ƙara da kansa in rana ta buge shi. Nisanta shi da firji, janareta, injin markaɗe da bakin titi inda kabu-kabu ke wucewa. Kada ka liƙa shi a jikin katanga, amsa-kuwwa tana dagula zane. Kusa da itace ya fi, amma ba cikin ganye ba, iskar hunturu za ta cika maka karti da shuuu.

Koma shafin ka kalli zanen sauti. In fari fat yake ko'ina, ƙarfin makirfo ya yi yawa, in duhu ne ba komai, ya yi kaɗan. Da umarnin alsamixer ake gyarawa, ta SSH: F6 ka zaɓi kati, F4 ka ga ɓangaren ɗauka. Layi miƙaƙƙe a can ƙasa wanda ba ya motsi gurnanin wuta ne, canza abin da ke ba ta wuta ko ka raba wayar makirfo da ta batiri.

Mataki na takwas: tantancewa, wanda ba ya ƙarewa

Na'urar nan zato take yi. Da sautukan taskokin Xeno-canto da Macaulay aka koyar da ita, kuma tsuntsayen Turai da Amurka sun fi yawa nesa ba kusa ba a cikinsu. Tacewar wuri kuma daga rahotannin eBird ta samo asali, shafin da masu kallon tsuntsaye ke aika abin da suka gani, masu aika rahoto daga Nijar kuwa ƙalilan ne. Ƙasar nan tana da tsuntsaye sama da iri 500. Saboda haka za ka ga kuskure iri biyu: ta laƙaba wa abu sunan da ba nasa ba, ko ta yi gum a kan tsuntsun da kake gani da idonka. Maki 0.9 ma ba rantsuwa ba ne.

Sayi littafi na dala ƙalilan. Kowace safiya a makonnin farko buɗe jerin jiya, ka saurari guntu biyu ko uku na kowane suna, ka rubuta sunan Latin, sunan Hausa, da ko ka yarda. Waɗanda za su fara cika shafin sanannu ne: kurciya Spilopelia senegalensis, hasbiya Columba guinea, gwara Passer griseus, baiwar Allah Lagonosticta senegala, hankaka Corvus albus, tsattsewa Apus affinis, da wani mai baƙin kai da ke riga kowa buɗe baki da asuba, Pycnonotus barbatus. Da dare mujiya Tyto alba, a gefen gari kuma wataƙila yautai.

Abin da ba ka gane ba, kai wa manya. Ni Kawu nake kai wa, wanda ya yi shekaru yana noma a Gulbin Maradi. In sa masa a kunne in ce, "Kawu, wannan fa?" Wani lokaci ya ce ragon maza ne, na'ura ta yi daidai. Wani lokaci ya yi dariya ya ce, "Ɗana, wannan ai gyare ne." Sunayen da irinsu Kawu ke faɗa ka rubuta su yadda suka faɗa, ko da wani gari ana kiransa daban, domin babu manhajar da ke ɗauke da su.

Masu ruɗa ta a nan an san su: gyare da kwaɗi da damina, jemagu a bisa itace da dare, kukan ɗan akuya, usur ɗin yara, ƙarar lasifika kafin a fara kiran salla. Akwai kuma waɗanda ta ji daidai amma ba na daji ba ne. Zabin gida da na daji iri ɗaya ne, Numida meleagris, ba ta iya raba su. Tantabarun maƙwabci da kanarin da ke cikin keji su ma za su shiga lissafi kullum. Irin waɗannan, da duk sunan da ka saurara sau da yawa ka tabbata ƙarya ne, ka sa su cikin jerin waɗanda aka cire. In kuma tsuntsu na kuka a gabanka ba ta taɓa ambatonsa ba, sauke ma'aunin yanki daga 0.03 zuwa 0.01 ka gani. Abu ɗaya za ka canza a lokaci guda, ka rubuta ranar a littafi, in ba haka ba nan da wata shida ba za ka san ko tsuntsaye ne suka ƙaru ko kai ne ka taɓa saiti ba.

Kula da ita ba wuya: goge panno duk kwana biyu da hunturu, kakkaɓe soson makirfo, duba ƙyalle, sannan duk wata ka kwafe bayanan zuwa wata kwamfuta.

Rabawa da wasu

Akwai taswirar BirdWeather inda tashoshi irin wannan ke aika abin da suka ji, in ka buɗe za ka ga Turai da Amurka cunkus, Sahel kuwa fayau. Ana yin rajista a karɓi lamba a saka a saiti. Ka sani sauti take aikawa, ba suna kawai ba, ga cin kuɗin intanet ga batun sirrin gida, don haka kada ka kunna sai ka gama gwajin murya. A eBird kuma ba a zuba abin da na'ura ta ji ita kaɗai, abin da mutum ya gani ko ya ji da kansa ake so. In ka tabbatar da wani baƙon tsuntsu, musamman da hoto, akwai taskar WABDaB ta tsuntsayen Afirka ta Yamma, wadda da bayanan Nijar ta fara. Guntun sauti mai tsabta wanda ka san mai shi tabbas, Xeno-canto ne gidansa.

Abin da shekara za ta nuna

Wata ɗaya ba ya faɗin komai, sai an zagayo. Daga Satumba zuwa Oktoba ƴan cin ranin Turai ke sauka bayan sun ƙetare Sahara, su koma wajen Maris da Afrilu, kuma yawancinsu ba sa cikakkiyar waƙa a nan, ƴan gajerun kira ne, sai ka ƙara kunne. Da damina kabare ke cika itace da hayaniyar saƙa. In gero ya nuna jan baki na zuwa garke-garke. Gidan da ke kusa da Gulbi ko hanyar tafkin Madarunfa zai riƙa kama masu wucewa da dare, kirinjijiya da zakaran ƙeƙuwa, waɗanda mai gida a tsakiyar Sabon Gari zai daɗe bai ji ba. Wanda ke da gona inda aka yi sassaben zamani gawo da kalgo suka dawo, ya kafa ta biyu can ya gwada da ta gida.

Shamuwa ce ba za ta shiga hannu ba. Kusan ba ta da murya, sai ɗan kaɗa baki a sheƙa, don haka na'ura na iya shekara ba ta ambace ta ba ko da a bisa itacen gidanka ta yi gida. Ranar da ka fara ganinta gabanin ruwan farko, ɗauki biro ka rubuta a littafin da hannunka, tare da ranar da ruwan ya sauka.